Daga Barlin zuwa Hradec Králové: neman asalin fim mai araha

Yau labarin wata tafiya na kawo muku, wadda na yi saboda wani ɗan kwali da bai kai kwalin sukari girma ba. Na san wasu za su ce aikin banza ne mutum ya keta ƙasa biyu a kan fim ɗin hoto baƙi-da-fari, a zamanin da ko yaron da ke tallar ruwa yana da waya mai ɗaukar hoto. To, ku yi haƙuri ku ji mafarin zancen.

Baffana, yayan mahaifina, yana cikin ɗaliban Nijar da suka yi karatu a Tarayyar Sobiyet cikin shekarun 1980. Da ya komo gida bai zo da dukiya ba, sai takardar shaidar karatu, da hular sanyi wadda ba ta da aikin yi a Damagaram, da wata kyamara ƙirar Zenit mai nauyi kamar ɗan dutsen niƙa. Da ita ya ɗauki hoton kowane suna da kowane aure na gidanmu. Kilishensa, wato fim ɗin da aka riga aka wanke wanda daga jikinsa ake fitar da hoto a takarda, suna nan cikin wani gwangwanin biskit, kuma har gobe in ka ɗaga su a rana za ka shaida fuskar kowa. Ni kuwa waya uku ke nan suna tafiya da hotunana: ɗaya an sace, ɗaya ta faɗa ruwa, ɗaya ta mutu haka kawai.

A shekarar 2021 Baffa ya ba ni kyamarar, ni kuma na ƙudura in ɗauke shi hoto da abarsa ranar Babbar Salla. Na yi ta yawon neman fim a Yamai, abin da tsofaffin masu hoto ke kira pelikil, har na samu naɗi biyu wurin wani mai tebur. Kwalin ya koɗe, wurin da ake buga ranar ƙarewar aiki ya goge, amma sunan da ke jiki babban suna ne da kowa ya sani, sai hankalina ya kwanta. Na ɗauki Baffa cikin babbar rigarsa a ƙofar gida, na ɗauke shi da jikokinsa. Da muka wanke fim ɗin tare da wani tsohon mai hoto, wanda ya rufe shagonsa da daɗewa amma bai zubar da kayan aikinsa ba, sai muka ga hazo toka-toka daga farko har ƙarshe. Dattijon ya ce shekaru da zafi sun dafa shi tun yana cikin kwali. Kafin shekara ta zagayo Allah ya yi wa Baffa rasuwa. Cinikin biri a sama na yi, na sayi suna ban sayi kaya ba.

A kantin Barlin

Cikin watan Oktoba na 2022 na je Barlin, babban birnin Jamus, wani horo na ƴan jarida na mako biyu. Ranar Asabar da babu aiki na rataya kyamarar Baffa na nufi unguwar Mitte, inda aka kwatanta mini wani kanti da ba ya sayar da kome sai fim da takardar hoto da magungunan wanki. Na zaci zan tarar da tsofaffi, sai na iske samari da ƴan mata sun cika wurin, mafi yawansu ba a haife su ba lokacin da fim ke tashe. A bango kuwa ga kwalaye jere, ja da kore da ruwan ɗorawa, sunaye sun fi ashirin.

Mai kantin dattijo ne mai furfura, yana jin Faransanci kaɗan-kaɗan. Da ya ga abin da ke wuyana sai ya yi murmushi ya ce mahaifinsa ma yana da irinta, amma a goshin tasa an rubuta Revueflex, domin wani babban kamfanin Jamus ta Yamma ya kan sayo su daga masana'antar Krasnogorsk ta kusa da Mosko ya liƙa musu sunansa. Ashe ita kanta kyamarar Baffa tana da ƴan uwa masu amsa wani suna a gidan miji.

Na ce masa ina son fim mai araha, amma wanda ba zai ba ni kunya ba. Ya ɗauko kwali biyu ya aje a gabana. Na farko an rubuta Fomapan 100, kuɗinsa kimanin jikka uku da rabi in an juya shi zuwa sefa, tun da yuro ɗaya sefa 656 ne saura kaɗan. Na biyu yana da zane mai ɗaukar ido da wani suna na zamani, kuma ya fi na farko tsada. Ya ce in juya bayansu. Duka biyun an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa a ƙasar Cek aka yi su. Ya buɗe takardar da ke nuna mintin da kowane fim zai yi cikin maganin wanki, sai ga lissafin ya zo ɗaya, babu bambancin ko rabin minti. Ya ce, «Masana'antar fim ɗaya ce a wannan ƙasa. Sauran lissafin na bar maka.»

Dalilin haka yana cikin yadda ake yin fim ɗin kansa. Ana haɗa gishirin azurfa, wanda haske ke taɓawa, da jelatin, wani danƙo da akasari daga ƙasusuwan shanu ake dafo shi, sannan a shafa haɗin a kan wata leda mai haske, cikin duhu, da wata na'ura mai tsawon gaske. Abin da ke fitowa bandir ne, kamar bandir na yadi, faɗinsa ya fi mita guda, tsawonsa ɗaruruwan mitoci. Daga nan ake tsaga shi siri-siri, faɗin milimita 35, a huda gefensa, a yanka kimanin mita ɗaya da rabi da ɗoriya domin naɗi mai hoto 36. Yanka da naɗewa da buga kwali, ƙaramin kamfani ma zai iya. Shafa azurfar nan kuwa sai mai babbar na'ura da gwanaye da suka shekara a kanta, kuma irin waɗannan gidaje ba su da yawa a duniya.

Da ma ba haka abin yake ba. Zuwan hoto na kwamfuta ne ya yi musu kisan mummuƙe. A 2004 kamfanin Ilford na Ingila ya durƙushe, sai a 2005 wasu daga cikin shugabanninsa suka saye shi suka kira shi Harman, suka ci gaba da aiki a Mobberley kusa da Mancesta. A wannan shekara ta 2005 AgfaPhoto ya karye, masana'antar Leverkusen ta tsaya. Forte ta garin Vác a Hangari ta rufe a 2007, Fotokemika ta Samobor a Kuroshiya ta bi ta a 2012. Ko Kodak na Amurka, uban tafiya, sai da ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a 2012, ko da yake ya tsira yana ci gaba da yin fim a Rochester. Masana'antu sun ragu, sunaye kuwa sai ƙaruwa suke yi.

Iri uku na sauya suna

Daga bayanin dattijon da abin da na karanta daga baya, na fahimci sauya sunan nan iri uku ne, kuma ya kamata mai saye ya rarrabe su.

Na farko, kaya ɗaya suna biyu. Misalin da kowa ya sani shi ne Arista EDU Ultra, wanda kantin Freestyle na Los Angeles ke sayar wa ɗaliban makarantun hoto a Amurka: Fomapan ne aka sa wa wata riga. A can ya kan fi mai sunan asali araha, saboda kantin yana saye da yawa a lokaci guda. A wani wurin kuma, kamar yadda na gani da idona, rigar ce ake biya, mai sabon suna ya fi na asali tsada. Ke nan sauya suna ba kullum yake nufin rangwame ba.

Na biyu, suna ɗaya kaya daban. Sunan AgfaPhoto bai mutu da masana'antarsa ba, haya ake ba da shi. Fim ɗin da ake sayarwa yau da sunan APX ba shi ne na Leverkusen da iyayenmu suka sani ba, wani gida ne dabam ke yin sa. Haka Acros II na Fujifilm, wanda ya fito a 2019, sunan na Japan ne amma a kwalin an rubuta Ingila. Akasin wannan ya taɓa faruwa a garin Wolfen na tsohuwar Jamus ta Gabas, inda masana'anta ta zauna daram amma sunan ya tafi: a 1964 suka bar sunan Agfa suka koma ORWO.

Na uku, fim da aka yi domin wani aiki aka juyo da shi kasuwar masu hoto. Rollei Retro 80S da 400S asalinsu fim ne na ɗaukar hoton ƙasa daga jirgin sama, wanda Agfa-Gevaert ta Mortsel a Beljiyam ta yi. Irin wannan yana da halinsa, sai ka koye shi kafin ya ba ka abin da kake so.

Akwai kuma waɗanda masana'anta ke yi da kanta domin talaka, kamar Kentmere, sunan da Harman ya saya a 2007 ya mai da shi ƙanen Ilford mai sauƙin kuɗi. Duk waɗannan babu jabu a cikinsu. Jabu shi ne wanda ya ɗauki sunan wani ba da izni ba, ko ya kankare ranar ƙarewa. Abin da dai na lura, wani kwalin ba ya faɗin ƙasa, sai ya ce an yi shi a Tarayyar Turai, ƙungiya mai ƙasa 27. Wannan bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi gaskiya duka ba.

Na sayi naɗi goma na mai sunan asali, da biyu na mai kyakkyawar riga domin gwaji. Da na fito sai zuciyata ta ce, tun da gani ya kori ji, kuma ƙasar Cek maƙwabciyar Jamus ce, me zai hana in je in ga garin da wannan abu ke fitowa?

Kogi ɗaya, suna biyu

Da aka gama horo na shiga jirgin ƙasa daga Barlin zuwa Parag, tafiyar awa huɗu da ƴan mintoci. Bayan Dresden jirgin ya kama bakin kogin Elbe, yana bin sa kwana-kwana tsakanin wasu duwatsu masu tsayi da suka tuna mini da hanyar Agadas, sai dai waɗannan itatuwa sun rufe su, ganyensu ya yi ja da rawaya saboda kaka. Babu shinge babu duwan a kan iyaka. Da na ga rubutun tashoshi ya sauya na san mun shiga wata ƙasa. Kogin ma ya sauya suna, nan Labe suke ce da shi. Na yi dariya ni kaɗai, na tuna namu kogin, wanda mutanen Mali ke kira Joliba, Zabarmawa su ce Isa, a gangara Nijeriya a ce Kwara, ruwan kuwa bai san an yi ba.

A Parag na canji kuɗi, domin su ba yuro suke ci ba, kuɗinsu koruna, na kwana ɗaya, da safe na kama wani jirgin zuwa gabas, tafiyar kilomita ɗari da ɗan abin da ba a rasa ba. Sunan garin Hradec Králové, a bakinsu kamar «Haradets Karalobe», ma'anarsa ganuwar sarauniya, saboda a zamanin da garin yana cikin waɗanda ake ba matan sarakunan ƙasar su ci. Shi ma yana da sunansa na biyu: Jamusawa Königgrätz suke kiransa, kuma da wannan suna littattafan tarihi suka san yaƙin da aka gwabza kusa da shi a 1866, inda Purusiya ta karya Ostiriya.

Gari ne mai tsabta da natsuwa, mutanensa kimanin dubu 90, bai kai rabin Maraɗi ba. A nan kogin Orlice ke zuba cikin Labe ɗin da na baro jiya, ashe gaba na yi ta yi zuwa wajen mafarinsa. Tsohon garin yana kan tudu, da babban fili a tsakiya, da coci na jan bulo na ƙarni na 14, da wata doguwar hasumiya ta ƙarni na 16 da suke kira Farar Hasumiya. Mutane da yawa a kan keke suke zirga-zirga. Garin ya yi suna da sana'a biyu masu son haƙuri: kamfanin Petrof mai ƙera fiyano tun 1864, da kuma wanda ya kawo ni.

An kafa shi a 1921 da sunan Fotochema. Bayan yaƙin duniya na biyu gwamnatin gurguzu ta mai da shi nata, ya yi ta yi wa ƙasashen gabas fim da takarda, sannan a 1995 ya koma hannun ƴan kasuwa da sunan Foma Bohemia. Ban da fim ɗin hoto, suna yin fim na hoton ƙashi irin na likitan haƙori, da na duba ƙarfe a masana'antu, wanda ke gano tsagewa cikin walda. Ban nemi shiga ba, ba ni da takardar gayyata, kuma ko an shigar da ni, aikin da na zo gani cikin duhu ake yin sa. Na tsaya daga waje na dubi gine-ginen, babu ado babu fankama, irin ginin da za ka wuce ba ka waiwaya ba. Daga nan ne bandir ke fita, ya je Amurka ya amsa wani suna, ya je Landan ko Biyana ya amsa wani.

A tsaye a wurin na gane abin da ya sa masana'anta ke yarda wani ya rufe sunanta da nasa. Na'urar shafa azurfa ba ta son zama. Ko an yi bandir ɗaya ko an yi hamsin, albashin gwanaye da kuɗin wuta da gyara suna nan. Wanda ya zo ya ɗauki kaya masu yawa ya biya, ya ɗauke wa masana'anta wahalar talla da rarrabawa, ya taimaka wa na'urar ta ci gaba da juyawa. Ɗalibin Los Angeles da bai taɓa jin sunan wannan gari ba, da kuɗinsa ake biyan wani ma'aikaci a bakin Labe. Waɗanda suka rufe a Vác da Samobor, rashin isasshen mai saye da tsufan na'ura ne suka kai su ƙasa, kuma irin wannan na'ura in ta tsaya, da wuya ta sake tashi.

Ƴan kasuwarmu na Maraɗi da Birnin Ƙonni ba sa bukatar in koya musu wannan karatu. Sun san buhun shinkafa da ake sauya wa riga, sun san atamfa mai kama da ta Holan wadda ba ta taɓa shaƙar iskar Holan ba. Sun kuma san bambancin dillalin da zai ce maka «wannan ta Sin ce, ga kuɗinta» da wanda zai rantse maka a kan ƙarya. An ce araha ba ta ado, gaskiya ne, amma araha mai faɗin sunan ubanta ta fi tsada marar asali.

Komowa gida

Sayen fim rabin aiki ne, kawo shi gida lafiya shi ne sauran. Kada a sa shi cikin jakar da za ta shiga cikin jirgi, domin na'urar binciken kaya ta can tana da ƙarfi. Sababbin na'urorin da ake kafawa a wasu filayen jirgin sama domin jakar hannu ma, kamfanonin fim da kansu sun yi gargaɗi cewa suna ɓata shi. Na zuba nawa cikin leda mai haske na roƙi a duba da hannu, aka kuwa yi mini. A gida kuma firigo ne wurin zamansa, nesa da zafin watan Afrilu, a fito da shi awa biyu ko uku kafin a buɗe domin kada ya yi gumi.

Cikin ɗarin watan Disamba na 2022 na tafi Damagaram. Na tarar da Inna, matar Baffa, tana zaune a tsakar gida tana tsintar wake. Da ta ga kyamarar ta yi shiru, can ta ce, «Kai ɗan nan, wannan abar tana aiki har yanzu?» Na ce, «Inna, yau za mu gani.» Ta shiga ɗaki ta sake zane, ta zauna inda Baffa ya saba zama. Masu hoto sun ce irin wannan fim yana son haske wadatacce, abin da mu kuwa ba mu rasa ba. Na ɗauke ta sau shida da mai sunan asali, sau shida da mai kyakkyawar riga.

Mun wanke su a Yamai da tsohon nan, muna sa ƙanƙara cikin ruwa har ya sauko ma'auni 20, wanda shi ne ƙa'ida. Da ya ɗaga kilishen a fitila ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce in nuna masa wanne ne wanne. Ban iya ba sai da na duba rubutun gefe. Ga Inna nan a duka biyun, har zanen fuskarta da zaren mayafinta. Ya ce da irin wannan baƙi-da-fari marigayi Philippe Koudjina ya bar mana Yamai ta shekarun 1960 da 1970, da shi kuma Malick Sidibé na Bamako ya kai har ga babbar lambar yabo ta Banis a 2007, kuma ba a taɓa tambayarsu launin kwalin da suka buɗe ba.

Saboda haka ga ƴar shawarata ga mai sha'awa, ko ɗan kasuwar da wani zai yi wa saƙo daga Turai. A juya kwali a karanta ƙasar da aka yi shi. A duba ranar ƙarewa, in ta goge a aje shi komai girman sunan. A tambayi inda aka adana shi, rana ko inuwa. Mai son rangwame na gaske ya sayi babban naɗi mai mita 30 da rabi, wanda ke ba da ƙananan naɗi kamar 18, ya yanka da kansa cikin duhu. Kuma kada a gwada sabon fim ranar da ba ta dawowa. A fara ƙona naɗi ɗaya a kan awaki da bangon gida.

Hoton Inna yana rataye a ɗakinta yanzu, kilishen kuma na sa shi cikin gwangwanin biskit tare da na Baffa. Gurbin hoton da ban samu ba yana nan, babu kantin da ke sayar da shi.